Ɗana ya tare a cikin gem, har ya taɓa mini kuɗi

Assalamu alaikum Anti. Ɗana ne, shekararsa 15, yana aji biyu na babbar sakandare. Tun da yayansa ya tafi bautar ƙasa ya bar masa wayarsa, yaron nan ya zama wani iri. Wani gem yake bugawa, ya ce sunansa Genshin Impact, na dodanni da takubba da tsafe-tsafe. Sai in farka tsakar dare in ga hasken waya ta ƙarƙashin ƙofarsa. Da asuba sai an yi da gaske yake tashi, haddarsa ta tsaya, sakamakon zangon da ya wuce ya yi ƙasa. Abin da ya fi ƙona mini rai, satin da ya wuce na ga naira dubu 18 sun fita daga asusuna. Da na matsa masa, ya ce shi ya ɗauki wayata ya tura wa wani mai sayar da kuɗin gem. Yaron da ko canjin aike bai taɓa riƙewa ba. Abbansa ɗan kasuwa ne a Kwari, sai dare yake shigowa, kuma ban gaya masa ba don na san wayar zai fasa, yaron kuma ya sha duka. Maƙwabciyata ta ce aljanu ne a ciki, a kai shi ruƙiyya. Me ke cikin abin nan da ya fi masa mu?

Uwa, daga Gwale

Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya shirya mana zuri'a, ya sanyaya miki zuciya. Tambayarki ta ƙarshe ita ta fi tsaya mini a rai, kuma da ita zan fara: gem ɗin bai fi masa ku ba. Yaron da aka matsa masa ya ce "ni ne na tura", bai yi rantsuwar ƙarya ba, bai ɗora wa ƙaninsa ba, yaro ne da har yanzu yake jin nauyinki. Ki riƙe wannan da kyau, don a kansa za a gina gyaran.

Maƙwabciyarki ki gode mata bisa kulawa, amma mutane ne suka ƙera abin nan, masu ofis da albashi. Wani kamfani ne na birnin Shanghai a ƙasar Sin, miHoYo, ya fitar da shi a watan Satumba na 2020, kuma kyauta ake sauke shi a waya. Addu'a da azkar ba a barinsu ga kowane yaro, ki ci gaba da tofa masa safe da yamma. Sai dai abin da ke riƙe da shi ba ɓoyayye ba ne. In kin san yadda aka tsara shi, za ki san inda za ki kama.

Labarinsa na wasu tagwaye ne matafiya, mace da namiji, da aka raba da ƙarfin tsiya. Mai wasa yana zaɓar ɗaya daga cikinsu, ya shiga wata duniya mai suna Teyvat neman ɗan'uwansa. Duniyar tana da manyan ƙasashe 7, kowace da sarautarta da irin gininta da abincinta. Wata an kwaikwayo ta daga Turai ta dā, wata daga Sin, wata daga Japan, akwai ma mai hamada da kasuwanni irin na Gabas ta Tsakiya. Ba irin gem ɗin ƙwallon da ake bugawa a shagunan unguwa ba ne, a yi minti goma a ci wani a tashi. Nan ƙasa ce aka sakar maka. Duk dutsen da ka hango kana iya zuwa ka hau shi, in ka kai ƙololuwa ka buɗe fukafukai ka sauko a hankali kana kallon gari. Ka tsinci ganye da nama ka dafa abinci, ka kama kifi, ka warware wata dabara akwatin dukiya ya buɗe. Faɗan ma da lissafi ake yinsa. Kana tafe da jarumai 4, wannan baiwarsa ruwa, wancan wuta, wani ƙanƙara, wani iska, kuma sai ka san wanda za ka fara sakarwa. In ka jiƙa dodo da ruwa sannan ka bi shi da sanyi, daskarewa zai yi a tsaye.

Na zauna kusa da ɗan ƙanwata, sa'an ɗanki, yana bugawa. Babban yatsansa na hagu yana tafiyar da jarumin, na dama yana juya kallo, har kafaɗarsa ke karkacewa in an zo bakin rami. Yaro ne da in ka ce masa ya makaranta sai ya ce lafiya ya ja bakinsa. Amma da na tambaye shi dalilin da ya sa ya haɗa waɗancan jaruman huɗu, sai bayani ya ɓarke: wannan ita ke warkar da rauni, wancan shi ke tare duka, wannan takobin bai dace da ita ba sai an ƙara masa ƙarfi, kayan ƙarin ƙarfin kuma sai an je wani kwari an samo. Fuskarsa ta washe. Abin da ya faranta masa rai ba wasan kaɗai ba ne, an tambaye shi abin da ya sani ne kuma aka saurare shi.

A nan nake so ki tsaya ki duba ranar ɗanki daga farko zuwa ƙarshe. Boko da safe, Islamiyya da yamma, wataƙila da lesin a tsakani. Filayen da yayyensa suka buga ƙwallo da langa yawancinsu sun zama shaguna da gidaje. Bayan magariba kuna hana shi fita, kuma da gaskiyarku, don kowa a Kano ya san tsoron ƙwacen waya da faɗan daba. Ya girmi wasan yara, bai kai zaman majalisar manya ba. Daga safe zuwa dare kowa aikensa yake yi: tashi, je ka, kawo, yi shiru. Babu mai ce masa me ka gani, yaya kake ganin za a yi. Shekara 15 kuwa lokaci ne da jini ke neman yawo da gwada ƙarfi, da son a ce da shi ya iya. To sai ga wata duniya a tafin hannunsa inda shi ke zaɓar hanya, mutanen gari suna zuwa neman taimakonsa, in ya faɗi babu mai yi masa dariya ko tsawa, sai ya tashi ya sake. Ƙoƙarinsa kuma nan take yake ganin sakamakonsa, ba sai ƙarshen zango ba. Ga abokai: in ya kai wani mataki, mutum 4 na iya haɗuwa ta intanet su yi faɗa tare, washegari a makaranta hirar da za a yi ke nan. Yaron da aka raba da gem ɗin rana ɗaya an raba shi da wannan hirar ma.

Son irin wannan labari ba baƙon abu ba ne a gidajenmu. Da shi aka rene mu. Ga ta nan ga ta nanku, Gizo da Ƙoƙi, dodon da ya tare ruwa, marainiyar da ta shiga daji ta dawo da dukiya, baƙon da ya kashe macijin rijiyar Kusugu a Daura. Amma iyayenmu sun yi wa tatsuniya shinge. Ba a yinta da rana lokacin aiki, kuma tana da ƙurunƙus: in mai bayarwa ta rufe, kowa ya nemi makwancinsa. Wannan gem ɗin ba shi da ƙurunƙus. Kusan duk mako 6 kamfanin yana ƙaro sabon babi, sababbin jarumai, wani lokaci sabuwar ƙasa. Ba a ƙera shi don a gama ba. Shingen da babu a cikinsa, ku ne za ku kafa shi daga waje.

Abu biyu ne masu cutarwa a ciki, kuma dukansu ba dodannin ba ne.

Na farko dare. Gem ɗin yana ba da ƙananan ayyuka kullum, in ka yi a ba ka lada, in rana ta wuce ba ka yi ba ladan ya tafi. Akwai kuma wani ƙarfi da ake kashewa wajen ɗiban ganima, wanda ke taruwa ɗaya-ɗaya duk minti 8, in ya cika ba ka kashe ba sai ka ji kamar asara kake yi. An tsara haka ne don kada kwana ɗaya ya wuce ba ka leƙa ba. An raba masu wasa rukuni-rukuni bisa yankunan duniya, kuma ga masu bugawa a rukunin Turai, sabuwar ranar gem ɗin tana kamawa ne ƙarfe 4 na asuba a agogonmu. Ki haɗa wannan da datar dare mai araha da kamfanonin waya ke sayarwa, da cewa gem ɗin babba ne mai cin data, za ki gane hasken da kike gani ta ƙarƙashin ƙofa. Likitocin barci sun ce yaro ɗan shekara 13 zuwa 18 yana buƙatar barcin awa 8 zuwa 10. Wanda ya kwanta ƙarfe 2 aka tashe shi sallar asuba bai samu ko rabi ba. Haddar da ta tsaya da makin da ya sauka, ni a ganina, yawancinsu daga nan suka fito. Ƙwaƙwalwar da ba ta yi barci ba ba ta riƙe aya.

Na biyu shi ne wanda ya ci dubu 18 ɗinki. Manyan jarumai masu tauraro 5 ba a sayensu kai tsaye, canki-canka ake yi. Kowace ƙuri'a tana cin duwatsu 160, waɗanda su ne kuɗin cikin gem ɗin. Ayyukan kullum kuwa 60 suke bayarwa, wato ta wannan hanyar kaɗai sai ka yi kusan kwana uku kafin ka tara na ƙuri'a ɗaya. Damar fitowar babban jarumi a ƙuri'a ɗaya ba ta kai kashi 1 cikin 100 ba. An yi alkawarin in ka ja sau 90 dole ɗaya ya fito, amma ko a nan rabi da rabi ne ya zama wanda kake so, in ka yi rashin sa'a sai ka sake bin wani zagayen, har ya iya kaiwa 180. Jarumin kuma makonni uku kawai ake baje shi, sannan a ɗauke. Ki sa kanki a matsayin yaro: ya yi wata biyu yana tarawa, ya ja 70, saura kwana biyu a ɗauke, abokinsa ya riga ya samu, ga wayar Umma a kan gado kuma ya san lambar sirrinta. Manya masu gemu ma wannan dabarar tana kayar da su. A watan Janairun 2025 hukumar kare masu saye ta Amurka, FTC, ta sa kamfanin da ke tallata gem ɗin ya biya dala miliyan 20, aka kuma hana shi sayar wa 'yan ƙasa da shekara 16 irin wannan ƙuri'a a can ba da izinin iyaye ba. Ƙasar Beljiyam tun 2018 ta ɗauki irin waɗannan akwatunan sa'a na kuɗi a matsayin caca.

Wannan bayani ne, ba wanke shi nake yi ba. Ɗaukar kuɗin uwa ba da izini ba laifi ne, kuma dole ya ji nauyinsa. Amma ki raba maganar kuɗin da maganar gem ɗin, kada ki haɗa su a zama ɗaya cikin fushi. Ki kira shi ɗaki, ku biyu, ba a gaban ƙannensa ba. Ki gaya masa abin da kuɗin nan yake nufi a gidan, cefanen kwana nawa ne. Ki ce zai biya, da guminsa, ko da kaɗan-kaɗan ne. Ki karanta masa aya ta 90 da ta 91 a Suratul Ma'ida, inda Allah ya ambaci caca ya ce tana kange mutum daga ambatonsa da salla, ki bar shi da kansa ya auna ko zuba kuɗi a kan abin da ba ka san me zai fito ba ya yi kama da hakan. Yaron da ke hadda zai gane. Ki canza lambar sirrinki a yau, ba don kin yanke ƙauna daga gare shi ba, sai don kada ki bar masa jarabawar da ta fi ƙarfinsa. Kuma don Allah, 'yar'uwa, duk zafin da kike ji, ki tsare harshenki. Kada ki ce masa ɓarawo, kada ki yi masa baki. Kalmar uwa tana bin ɗa har tsufa.

Dokar kuɗi ɗaya ce kuma ba ta da sassauci: ko kwabo ba za a sake zubawa a ƙuri'a ba, nasa ko na wani. Ana iya bin labarin gem ɗin da jaruman da ake samu kyauta, shi ma ya san haka. Ki kuma tambaye shi wane ne wanda ya tura wa kuɗin, kuma ko ya ba shi lambar shiga asusunsa na gem, don masu damfara sun cika wannan harkar. In ya bayar, ya canza ta. Haka nan ki san da waɗanda yake hira a ciki: 'yan ajinsu ne ko baƙi? Baƙo ba a ba shi hoto, ba a ba shi lambar waya, ba a gaya masa unguwa.

Batun tsafe-tsafen da kika ambata ba zan share shi ba. Akwai gumaka a cikin labarin, akwai sarakunan da ake kira alloli, kuma shigar wasu jarumai mata ba ta dace da tarbiyyarmu ba, wannan gaskiya ne. Mafi yawan yara masu shekarunsa sun san ƙirƙira ce, amma kada ki ɗauka, ki tambaya. Ki zauna kusa da shi yana bugawa, ki ce ya nuna miki. Na san akwai kunya tsakanin uwa da ɗa saurayi, amma wannan zaman ya fi duk wani bincike da za ki yi a ɓoye. In kin ga gunki ki ce, wannan fa, me kake ɗaukarsa? Ki ji amsarsa. In kin ga shigar da ba ta yi miki ba ki faɗa a fili, ki ce ya sauya jarumar. In zuciyarki ba ta natsu ba, ku je wurin malaminsa na Islamiyya tare, ya ga abin da idonsa kafin ya yi magana, don hukunci a kan abin da aka gani ya fi shiga kunnen yaro.

Sai dare. Ƙarfe 10 waya ta shigo ɗakinki, a nan za ta kwana tana caji, kullum, har ranar hutu. In yana so ya sauke sabon babi da datar dare, ya kunna ya ajiye miki, ta sauka yana barci. Wannan dokar ta hau kan kowa a gidan, kuma zai fi karɓarta in ya ga ke ma kina ajiye taki. A ranakun makaranta ki ba shi kamar rabin awa zuwa awa ɗaya bayan ya gama aikin gida da muraja'a, ya ishe shi ayyukan kullum. Asabar da Lahadi ki ƙara masa. Ku yanka lokacin tare, ki bar shi ya yi ciniki kaɗan, don dokar da aka sa bakinsa a ciki ta fi wuyar karyawa. In lokaci ya kusa, ki ce saura minti goma, kada ki fizge a tsakiyar faɗa alhali abokansa na dogara da shi. Salla kuwa ba ta jiran kowa, in an kira a ajiye. Idan wayar Android ce, akwai manhajar Family Link ta Google da ke kulle waya in lokaci ya cika, sai yayansa ya taya ki saitawa. Ƙasar Sin, inda aka ƙera gem ɗin, tun 2021 ta taƙaita wa 'yan ƙasa da shekara 18 wasan intanet zuwa awa ɗaya, daga 8 zuwa 9 na dare, a ranakun Juma'a da Asabar da Lahadi da ranakun hutu. Ki gaya masa wannan, ya san ba ke kaɗai ce kika ga abin da kika gani ba.

Amma in kin rage masa wancan, ki buɗe masa wata ƙofar, in ba haka ba wurin da kika kwashe zai cika da wani abu. Yaron nan yawo yake so da amana. Ki ba shi kuɗin cefanen mako da jerin kaya, ki tura shi 'Yankaba ko Rimi, ki ce ya yi ciniki ya kawo lissafi. E, shi ɗin da ya taɓa miki kuɗi, domin amana ba ta dawowa sai an sake ba da ita. Ya haɗu da 'yan'uwansa su hau Dala da rana su ga birni daga sama, su shiga Gidan Makama, su ga marinar Ƙofar Mata. In hankalinsa na kan na'ura, hutu mai zuwa a nema masa wurin amintaccen mai gyaran waya a Farm Centre.

Kalmar jaraba kada ki yi saurin liƙa masa ita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa matsalar gem cikin jerin cututtuka a 2019, amma da sharuɗɗa: mutum ya kasa sarrafa kansa, ya fifita wasan a kan komai, ya ci gaba duk da ɓarnar da yake gani, kuma galibi a ɗauki watanni 12 a haka. In kun kafa dokokin nan na wata biyu ko uku kika ga barci ya dawo, asuba ta yi sauƙi, to ba cuta ba ce. In kuwa ya daina cin abinci da wanka, ya ƙaurace wa abokai, ya fara fashin makaranta, ko ya sake ɗaukar kuɗi, ko kika ga baƙin ciki ya lulluɓe shi, ku kai shi sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na Asibitin Malam Aminu Kano. Wani lokaci yaro yana ɓuya a gem ne daga wani abu da ke cinsa, kamar cin zali a makaranta, kuma likita zai taimaka a gano.

Abbansa dole ya sani. Ɓoyewar za ta sa yaron ya koyi cewa akwai abin da ake rufe wa uba, kuma ranar da ta fito ke za a fara tuhuma. Ki zaɓi lokaci, ba yana shigowa da gajiyar kasuwa ba. Bayan ya ci abinci ya huta, ki fara da cewa yaron ya amsa laifinsa da bakinsa, kuma ga matakin da kika riga kika ɗauka. Ki fahimtar da shi cewa fasa wayar ba ya kashe gem ɗin, domin duk abin da yaron ya tara yana ajiye a intanet, da ya ari wayar aboki zai shiga ya ci gaba, a wurin da idonku ba ya kaiwa. Sannan ki roƙe shi abu ɗaya: duk Asabar ya tafi da shi Kwari, ya ɗaga yadi, ya auna, ya rubuta ciniki, a yanka masa ladan yini kamar kowane yaron shago, daga ciki ya riƙa kawo miki kuɗinki har dubu 18 su cika.